Fuskar Gregory a Allon Kwangila

Shekara talatin da biyar Gregory Yashim ya yi yana wanke kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Samaru. Yana ɗan shekara goma sha tara ya iso Zariya daga ƙauyensu a kudancin Kaduna, da akwatin ƙarfe da takardar gama firamare, wani kawunsa mai gadi ya sama masa aikin. Aikin kuwa ba shi da yawan bayani: a wanke, a ɗauraye sau uku, a kife, in ta bushe a jera. Ɗalibai sun shigo sun fita, wasunsu sun dawo sun zama malamai a ɗakin, wasu har sun yi furfura a gabansa, shi yana nan bakin famfo.

Allah ya yi shi dogo, siriri, furfura ta zo masa da wuri, ga tabarau, ga magana a hankali kamar mai auna ta da cokali. Saboda haka duk shekara sababbin ɗalibai sukan wuce ainihin farfesan, wani gajere mai yawo da silifa, su zo su durƙusa wa Gregory. Shi kuma ya goge hannu a jikin riga ya ce, "Ni mai wanki ne. Ga malaminku can." Bai taɓa barin kuskuren ya kwana ba.

Da ya yi ritaya sai ya zauna a ɗan gidansa a Hayin Dogo. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'yarsa Diana tana aure a Kaduna. A cocinsu dattijo ne, kuma in magana ta rikice tsakanin mutum biyu shi ake aikawa, don an san ba ya ƙara wa zance gishiri. Abin da ya tara ke nan a duniya. Ba shi da mota, ba shi da gona.

Wata Talata ya shiga Sabon Gari ɗaukar hoton fasfo, don ana tantance 'yan fansho. Mai hoton, Akinola, haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi Yarabancinsa. Ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya sake kallon tsohon.

"Baba, wannan fuskar taka asara ce a fasfo."

"Ita aka ba ni."

"Ka taɓa sa farar riga irin ta likitoci?"

"Na wanke su dai da yawa."

Akinola ya yi dariya, ya ce yana da wani ɗan aiki ranar Asabar, na awa biyu, ba ɗaukar kaya, ba magana. Tsayuwa kawai.

A da jami'a zamanta take yi, yara su neme ta. A shekarun nan kuwa wasu sababbi na kuɗi sun koyi abin da masu maganin tasha suka daɗe da sani: wanda ya fi ƙarar lasifika shi ake taruwa a kansa. Suna rediyo tsakanin labarai da labarai. Suna ƙofar coci ranar Lahadi, suna ƙofar masallaci ranar Juma'a, da takarda mai ƙyalli iri ɗaya. Suna bin 'yan ajin ƙarshe na sakandare har cikin aji, da kyautar biro da riga. Hoton kuma kusan kullum ɗaya ne: ɗalibai uku a kan ciyawa suna yi wa kwamfuta dariya, ɗaya da hijabi, ɗaya da kitso, ɗaya da hula, don kada wani uba ya duba bai ga ɗansa ba. Me kwamfutar ta faɗa mai ban dariya haka, ba a taɓa bayyanawa ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ce ta ba Akinola kwangila. Ba sai an faɗi sunanta ba. Tana can gefen babbar hanya, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga Zariya. Ta riga ta samu hoton ciyawa. Abin da ya rage mata shi ne tsoho mai farar riga, don a nuna wurin ya daɗe.

Ranar Asabar Gregory ya tarar an share ɗakin bayan shagon Akinola, an rataya farin yadi, an sa tebur. Wakilin jami'ar yana nan, wani matashi mai kwat da turare, sunansa Felix, a katinsa an rubuta Daraktan Hulɗa da Sababbin Ɗalibai. Ya riƙe hannun Gregory da hannu biyu yana kiransa Dadi. A kan teburin akwai kwalaben gwaji da aka aro daga wata sakandare, an zuba zoɓo a wasu, lemun kwalba a wasu, shuɗin wanki a sauran. Akwai madubin duba ƙwayoyin cuta wanda gilashin idonsa ya ɓace. Akwai kuma wata yarinya da aka ɗauko ta zama ɗaliba, ta riƙe bututun awo kamar mai riƙe muciya.

Gregory ya sa farar rigar, ya tsaya inda aka ce, amma idonsa na kan teburin. Kwalaben duk shatin yatsu ne, wata da ƙura a gindi, manya a gaba ƙanana a baya, ba wadda aka rubuta wa suna.

"Akwai ruwa a nan?" ya tambaya.

"Dadi, bar shi," in ji Felix. "Ba wanda zai lura."

"Wanda ya sani zai lura."

Aka kawo bokiti. Aikin awa biyu ya zama na awa huɗu. Ya zubar da zoɓon, ya wanke, ya ɗauraye sau uku, ya sake zubawa daidai kan layin awo. Ya yanka farar takarda ya manna wa kowace suna da irin rubutun da ya gani shekara talatin da biyar. Ya jera su yadda ake jerawa, ya juya madubin don kada a ga ramin gilashin. Ya nuna wa yarinyar yadda ake ɗaga bututu zuwa daidai ido, da inda babban yatsa yake zama. Da ya gama, Akinola ya leƙa cikin kyamara, ya yafito wakilin.

"Oga Felix, zo ka ga jami'arku."

Kafin a tashi Gregory ya yi tambaya ɗaya. "Kuna da irin wannan ɗakin a can?"

"Wanda ya fi wannan sau goma, Dadi. Fenti ake yi masa, shi ya sa muka zo nan."

Aka miƙa masa takarda ya sa hannu, aka ba shi ambulan da kwalbar maltina. Ya koma Samaru da tunanin ya gyara wa yara tebur.

Bayan mako uku allon ya tashi a Kwangila, inda duk motar da za ta Samaru ko Sabon Gari sai ta bi ta ƙarƙashinsa. Tsayinsa ya kai bene. Ga Gregory da tabarau yana duban kwalba, ga yarinya a gefensa tana koyo. An rubuta: Ƙwararrun malamai, kayan aiki na zamani. Ba su ce shi farfesa ne ba. Ba su kuma ce shi ba farfesa ba ne.

A coci aka yi ta dariya. Matasa suka koma kiransa Farfesa, kwandastan bas ya ƙi karɓar kuɗinsa sau biyu, Diana ta bugo waya daga Kaduna ta ce ta gan shi a wayar maƙwabciyarta. Yakan ce, "Hoto ne kawai." Amma an lura a watan nan ya je Sabon Gari fiye da yadda ya saba, kuma yakan zauna ta gefen tagar da ke kallon allon.

Wata Lahadi bayan sujada Edith ta tare shi a gindin darbejiyar coci. Edith matar marigayi Henry ce, direban sashen da Gregory ya yi aiki, abokinsa na cin tuwo kwano ɗaya. Ɗinki take yi a Dogarawa. 'Yarta Ƙauna tana bayanta, yarinyar da Gregory ya riƙe a hannu ranar da aka sa mata suna. Edith ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta zaro takardar talla a ninke.

"Baban Diana, mun yanke shawara. Can za ta."

"Ina?"

"Makarantarku mana."

"Maman Ƙauna, ni ba ni da makaranta. Ba gurbi ta samu a makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati ba?"

"Ta samu. Juma'a ce ranar ƙarshe ta karɓa. Za mu bar musu abinsu. Can difloma ce, nan digiri. Na sami mai sayen filin Henry, sati mai zuwa za a zo a auna."

Gregory ya gyara tabarau. "Kin san fa ni ba farfesa ba ne."

Edith ta yi dariya. "Wa bai sani ba? Da farfesa ne a allon ai da ban kula ba, su kowa ya kira su zuwa suke. Kai ne. Kai ka san ɗakin gwaji na gaske, kuma ba ka tsayawa a inda babu gaskiya."

"Baba, ni jerin kwalaben na duba," in ji Ƙauna. "Na ce wa Mama wannan hannun Baba ne. Wurin da suka bar ka ka jera musu kaya haka, sun san abin da suke yi."

Ya dubi takardar, ya dubi yarinyar. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Bari mu gani zuwa Laraba."

Wani zai ce me ya hana shi faɗa a nan take. To, Gregory mutum ne da ba ya shaidar abin da bai gani ba, ko ta alheri ko ta sharri. An ce masa fenti ake yi. Yana yiwuwa fenti ake yi. Kuma akwai mutane a gindin darbejiyar.

Litinin da safe ya sa kaftaninsa na zuwa biki ya shiga mota.

Ƙofar jami'ar kam abin kallo ce. Ginshiƙai huɗu, tutoci goma sha biyu na ƙasashen da ba a san me ya haɗa su da wurin ba, da maɓuɓɓugar ruwa tana wasa a tsakiya. Duk wanda ya tsaya a titi ya ga ƙofar zai ɗauka gari ne a bayanta. Maigadi ya fito zai tambaye shi takarda, ya dubi fuskarsa, ya ƙame ya sara masa.

"Sannu da zuwa, Farfesa."

A karo na farko a rayuwarsa Gregory bai gyara kuskuren ba. Ya wuce.

Ya tarar ana zagayawa da wasu iyaye a cikin bas mai sanyi. Ya bi su a ƙafa daga nesa, abin da bai yi wuya ba, don wurin bai kai girman ƙofarsa ba. An nuna musu ɗakin taro, an nuna musu ciyawar da ke cikin hoto, wadda faɗinta bai fi tabarma shida ba. Da aka zo ginin kimiyya aka tsayar da su a baranda su leƙa ta gilashi, wai shiga da takalmi yana gurɓata kayan aiki. Iyayen suka gyaɗa kai. Ɗaya ma ya cire hularsa.

Da bas ya tafi, Gregory ya ga wata mata tana goge baranda, da tarin makullai a ƙugunta. Ya gaishe ta, ya ce yana son ganin ciki. Ta dube shi, ta dubi hotonsa da ke manne a ƙofar, ta buɗe da sauri.

Ɗaki ne mai kyau. Tayil fari tas, dogayen tebura, kwamin wanki shida a jere, kowane da famfo mai sheƙi. Warin fenti babu, warin magani ma babu. Ɗakin ba ya warin komai. Gregory ya nufi inda ƙafarsa ta saba nufa. Ya murɗa famfo na farko, ya juya a hannunsa ba ko tari. Ya murɗa na biyu. Sannan ya dafa gwiwa ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi. Babu bututun da ya shigo, babu wanda ya fita. An dasa famfunan a kan siminti kamar furanni.

"'Yar'uwa, a ina kuke wanke kwalabe?"

"Wace kwalba, ranka ya daɗe?"

"Ta gwaji. Wadda ɗalibai suke aiki da ita."

"Ai malam a allo yake zana musu." Ta rage murya. "In masu duba makarantu za su zo, mota takan kawo kaya da safe, har da jarkokin ruwa. Kwana biyu a kwashe. Na ɗauka kai ka san da haka."

Felix ya same shi a nan, yana haki, ya riga ya shirya murmushi tun daga baranda.

"Dadi, da ka faɗa ai da mun aiko mota."

"An gama fentin, na gani."

"Ruwan yana cikin kashi na biyu na ginin."

"Yaran da suke aji uku fa, a wane kashi suke?"

Felix ya ja shi gefe, ya sassauta murya irin ta mai bayyana wa tsoho yadda waya take aiki. Ya ce duk haka ake yi. Ya ce sai ɗalibai sun zo ake samun abin yin gini, kuma ɗalibai ba sa zuwa sai sun ga gini, to wani abu dole ya riga wani. Ya ce su ba ƙarya suke yi ba, gobe suke nunawa tun yau.

"Ku sauke hotona."

"Ka sa hannu, Dadi. Shekara biyar. In kana son kwafi zan sa a buga maka, mai kala."

Laraba da hantsi ya je Dogarawa. Sau biyu yana wuce shagon Edith kamar mai neman wani gida, sai a na uku ya yi sallama. Edith tana kan keken ɗinki, Ƙauna tana guga. Aka ba shi kujera, aka ba shi ruwa. Bai sha ba.

Ya faɗa musu daga farko, bai tsallake komai ba. Shagon Akinola, zoɓo, shuɗin wanki, madubi marar ido, ambulan. Sannan ƙofa mai tutoci da famfo shida. Yana magana Edith ta cire ƙafa daga kan keke. Ƙauna ta tsayar da dutsen guga a gindinsa.

"Baba, kafin ka tsaya a hoton, ka ga ɗakin nasu?"

"Ban gani ba."

"Ka san hoton talla ne?"

"Na sani."

"To me ya sa ka jera musu?"

Gregory ya ce, "Ba na iya ganin kwalba da datti in wuce."

Ƙauna ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na faɗa wa duk 'yan ajinmu. Na sa a waya. Na ce kakana ne a allon Kwangila."

"Ƙauna," in ji uwarta.

"Ranar Lahadi ma ya sani, Mama. Yana tsaye yana kallonmu, ya san zoɓo ne."

Ba wanda ya ce mata ba haka ba ne. Ta shige ciki ta saki labule.

Edith ta ɗauki almakashi ta ajiye. "Filin dai ba a auna ba tukuna, mun gode Allah. Amma Baban Diana, ba mu kaɗai ba ne. A zumuntar mata mutum shida na sani da suka ɗauki takardar nan saboda fuskarka. Ni ba zan bi su gida gida ba."

"Ba aikinki ba ne," ya ce.

Alhamis ta wuce ba labari. Juma'a da safe maƙwabta suka ga Ƙauna ta fito da fayil a hannu, fuska a ɗaure, ta tsayar da keke Napep ta nufi tasha. Ta isa makarantar gwamnatin ana saura awa biyu a rufe ofis, ta bi layi a rana, ta karɓi gurbinta.

Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, bayan an gama ta bikin aure da ta gyaran rufi, Gregory ya ɗaga hannu. Fasto ya ba shi makirufo. Ya ce hoton da ke Kwangila a bayan shagon mai hoto aka ɗauke shi a Sabon Gari, abin da ke cikin kwalaben zoɓo ne, kuma shi da hannunsa ya jera su. Ya ce ya je makarantar, famfonsu ba ruwa. Ya ce duk wanda zai kai ɗansa wata makaranta, ya je da ƙafarsa ya murɗa famfo, kada ya dubi fuskar kowa. Ya mayar da makirufo ya zauna. Wasu matasa a baya suka fara dariya, suka ga ba wanda ya taya su, suka daina.

Cikin matan shida, huɗu sun fasa. Biyu sun ce tsufa ne ya fara taɓa shi, ko kuma kuɗin da aka ba shi ne bai ishe shi ba, suka kai 'ya'yansu. Allon kuma yana nan inda yake, rana ta ɗan cinye kalarsa. Jami'ar ta ƙara wani a hanyar Kano.

Har yanzu Gregory yana zama a bencin dattawa, amma da rigima ta tashi a kan iyakar fili tsakanin wasu 'yan coci biyu bara, wani aka aika.

Ƙauna tana shekara ta biyu yanzu. Ɗakin gwajinsu tsoho ne, kwamin wankin ya tsage, su arba'in suke layi a kan madubi uku, kuma ta yi ƙorafin haka ga duk wanda ya tambaye ta. Hannunta ya fara bushewa saboda sabulu. In ta zo hutu takan same shi a gindin darbejiya bayan sujada, ta rusuna yadda aka koya mata, ta ce, "Ina kwana, Malam Gregory."

Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, Ƙauna. Ya karatu?"

"Muna yi," ta ce, ta wuce wurin uwarta.